Tsakanin SVG da haruffan alamomi, wanne za ka fara koya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wanne za ka fara koya don saka alamomi a shafin intanet. Ka kama SVG, wato tsarin fayil na zane da layuka, kuma ka koye shi a Inkscape, manhajar zane ta kwamfuta.

Bara na yi wa wani Alhaji mai atamfa a Kantin Kwari shafin kasuwancinsa. Ya ce shi alamar bandir ɗin shadda yake so a gefen farashi, da hula zanna bukar a sashen kayan maza. Wane tarin alamomin Turawa ne zai ba ka zanna bukar? Dare biyu na yi a Inkscape ina jan layi ina lanƙwasa shi har hular ta fito. Da ya gani a wayarsa, sai da ya kira maƙwabtan shagonsa su zo su duba. Daga baya ma fayil ɗin nan muka kai aka buga a allon shagon, bai dushe ba ko kaɗan, domin SVG lissafin layuka yake ajiyewa, ba ɗigo-ɗigo irin na hoton kyamara ba. Kana buɗe shi ka ga rubutu ne kamar HTML da ake gina shafin intanet da shi, ka sauya masa launi da CSS mai tsara kwalliyar shafi. Inkscape kuwa kyauta ne tun fitowarsa a 2003, kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarsa.

Haruffan alamomi irin Font Awesome, wato fayil ɗin haruffa (font) da aka sa ƙananan zane-zane a madadin haruffansa, suna da saurin sakawa, wannan kam ba na musu. Sai dai don alama biyar, mai ziyara zai sauke fayil mai ɗaruruwan alamomi da datarsa, in sabis ya yi rauni kuma ya ga 'yan akwatuna a gurbinsu. GitHub ma, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, sun bar wannan hanya sun koma SVG tun 2016. Wuni ɗaya ya ishe ka gane yadda ake amfani da haruffan alamomin, kada ka ba su fiye da haka.

Ba ka tambaya ba, amma don Allah ka kiyayi masu tallan "cikakken tarin alamomi" da manhajar zane ta Illustrator a filashi. Ni na saya a wani shago, har yanzu abin yana yi min ciwo. Alamomin ashe na kyauta ne da kowa zai iya saukewa, manhajar kuma ta sata ce, ta shigo min da bairos da ya lalata aikin mutane biyu. Illustrator na gaskiya rajista ake yi da Adobe ana biyan kuɗi a kai a kai, ba a filashi ake sayar da shi ba.

Sauke Inkscape daga shafinsu yau, ka fara da zana tambarin Arewa. In lanƙwasa layin ta ba ka wuya, turo min hoton inda ka tsaya.