Shagon da ya zubar mini da hirarrakin memwar a takarda

Na gama yawon bincike da awa 31 na maganar tsofaffi cikin wayata, ga wata biyu kacal kafin ranar ajiye memwar, wato kundin binciken kammala karatu. Wanda ya taɓa yin mastar a fannin sanin al'umma da al'adu ya san nan ne ake kuka. Hira ba ta da wuya, goro ne da sabulu da zama kan tabarma. Zubar da ita a takarda shi ne aikin. Awa ɗaya ta murya tana cin mini awa shida, ni kuwa da safe ina lakkwal ina koyarwa, da marece ga yara.

Rajistata a Yamai take, Jami'ar Abdou Moumouni, don tamu ta Dan Dicko Dankoulodo ta fi ƙarfi wajen kimiyya da noma da likitanci. Bincikena kuwa a gida yake: sarautar Iya a Maradi da ta Inna a Tibirin Gobir, matan gidan sarauta da ke riƙe da shugabancin ƴan bori.

Da farko wani shago mai kwamfutoci da yawa da sanyin kilima na kai awa uku gwaji. Yaron da ya yi aikin yana da sauri, sai dai ya ɗauka gyara aka ba shi. Tsohuwa ta ce "tahi", ya rubuta "tafi". Ta ce "Hillani", ya mayar "Fulani". "Ɗiya" ta koma "yarinya". Kakar Tibiri ta fito tana magana kamar mai karanta labaru a rediyon Kano. Ga shi madannin nasu na Faransanci ne, babu haruffa masu ƙugiya, sai "baƙin Iya" suka zama "bakin Iya". Malamina ya zagaye wurin da jan biro ya rubuta: mutane ne suka zo mata, ko haƙoranta kike nufi?

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini inda nake son ba da labari. Ɗaki ɗaya ne a Sabon Gari, ko allo babu a ƙofa. Kwamfuta biyu, injin fotokofi da ake bugun gefensa kafin ya tashi, da fanka. Mai wurin tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, kowa Malam yake ce masa, ɗansa ke taya shi.

Kafin ya faɗi kuɗi sai da ya saka abin kunne ya saurari minti goma. Ya cire ya ce, "Ɗiyata, yadda suka faɗa kike so, ko yadda littafi ke so?" Na ce yadda suka faɗa, Malam. Ya ce to ƴ ta Nijar zai sa mini ko 'y ta Najeriya? Daga wannan tambayar hankalina ya kwanta.

Abin da ya maido mini bayan mako guda ya wuce rubutu. Inda tsohuwa ta yi dariya ya nuna, inda ta yi shiru ya nuna, inda kishiyarta ta tsoma baki daga bayan zana ya ware muryar daban. Kowane minti biyar ya sa lamba a gefe, in na so komawa ga muryar ba sai na yi lalube ba. Tsofaffinmu ba sa ƙirga da shekarun Bature. Wata ta ce an aurar da ita shekara biyu bayan da ruwa ya ci gari, Malam ya rubuta da fensir a gefe: 1945, ambaliyar Gulbi da ta sa aka tayar da gari daga kwari zuwa tudu. Wani maroƙi ya jero kirarin sarakuna tun daga Ɗan Kasawa, wanda ya kafa sarautar Katsina a Maradi wajen 1819 bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807. Sau huɗu na saurari wurin ban raba kalmomin ba, shi ya jera su layi-layi. Inda bai ji ba kuwa bai ƙaga ba, ɗigo uku ya sa da lambar mintin.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a karatunmu. Manyan littattafan da muke karantawa kan garinmu, irin na Guy Nicolas kan kwarin Maradi da na Emmanuel Grégoire kan Alhazai, da Faransanci aka rubuta su. Shi ya sa malamina ya dage duk maganar da zan kafa hujja da ita ta fito da Hausar mai ita, fassara a ƙasa, cikakkun hirarraki kuma a rataye a ƙarshe, yadda ko an ajiye su a IRSH ko CELHTO, cibiyoyin bincike da adana tarihin baka da ke Yamai, wani zai iya amfani da su.

Sai dai kada a ba su fassara. Ɗan Malam ya ce zai iya, na ba shi shafi biyar. Ashe waya yake tambaya. Girka, wadda ake yi wa mai shiga bori, ta koma dafa abinci, iskoki suka koma iskar hunturu. Na karɓe abina.

Ba su da gurub, wato injin ba da wuta. Wuta in ta ɗauke, aiki ya tsaya, a watan Afrilu kuwa kowa ya san yadda ake. Alkawarin kwana goma ya kai kwana 17. Kile ɗina na USB ma ya kwaso cuta a kwamfutarsu, Allah ya so na riga na tura wa kaina komai ta imel.

Abin da ya fi ɓata mini rai daban ne. Wata ranar Laraba na shigo na tarar abin kunne ya lalace, yaron ya saki muryar a lasifika, mutum uku na jiran fotokofin katin ɗan ƙasa suna saurare. Matar da ke magana ta yarda da ni ne bisa sharaɗin ko sunan unguwarsu ba zai fita ba, domin a Maradin yau ba kowa ke son a san yana zuwa wurin girka ba. Jikina ya yi sanyi. Na ce, Malam, amana ce fa. Bai yi musu ba, ya kashe, ya ba ni haƙuri, ya aiki yaron kasuwa ya sayo sabo. Ni ma da laifina, ban yanke farkon hirar inda ta faɗi sunanta ba kafin in kawo. Wanda zai kai aiki can ya yanke sunaye tun daga gida, ya canja wa fayil suna zuwa lamba, in an gama ya tsaya a goge a gabansa.

Kuɗi: jikka 5 ya karɓa kan kowace awa ta murya, da ya ga yawan aikin ya bar mini a jikka 4. Fotokofi dala 5 shafi. Ɗaurin littafi na zoben roba kaɗai suke yi, mai kwali na gaban alƙalan sutnans, wato zaman kare memwar, sai a Yamai zan yi.

Awa 27 na ba shi. Sauran huɗun hirar wata tsohuwa ce da ta yi kuka tana ba ni labarin girkarta. Waɗannan ni nake rubuta su da kaina bayan isha'i, in yara sun yi barci, saura mini awa ɗaya da rabi.