Binciken lafiyar 'yan makaranta da aka kawo mana: in sa hannu ko kar in sa?

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana na Makka. Tunda takardar neman izinin binciken lafiyar yaran nan ta fara yawo a makarantun mutawassiɗa da sanawi, wato ƙaramar sakandare da babba, mata suke ta tambayata a WhatsApp wai in sa hannu ko kar in sa, to ni dai na sa wa yarana biyu, mace da namiji, an yi an gama har takardar sakamako ta zo gida, bari in faɗi abin da na gani kowa ta yanke wa kanta.

Wata tawaga ce ta nas-nas da likita da ɗaliban jami'a, kuma kyauta ne ko riyal ɗaya ba a karɓa. Aikin kashi biyu ne, akwai awo wato tsayi da nauyi da duba ido da haƙori, sai kuma tambayoyi da yaro zai amsa shi kaɗai a kan iPad. Na san abin da ya fi tsorata mutanenmu, da an ce takarda sai gaba ya faɗi musamman gidan da iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar, ta ƙare ba a sabunta ba, to ku kwantar da hankalinku, a ɓangaren tambayoyin babu wajen suna babu wajen lambar iƙama, takardar awo ce kawai ke da suna don a san wa za a ba sakamako. Nan kam na yaba musu.

Tambayoyin su ne suka burge ni gaskiya. Ana karyawa kafin a fita makaranta ko da yunwa ake tafiya, gwangwani nawa na Pepsi ko lemon ƙara kuzari irin su Code Red da Bison ake sha, ƙarfe nawa ake barci, awa nawa a kan waya, an taɓa shisha ko taba ko sigarin lantarkin nan da ya zama yayi. Amma inda suka nuna sun san aikinsu shi ne tambayoyin abokai, abokanka nawa ne ke shan shisha, in abokinka ya miƙo maka za ka iya cewa a'a, an taɓa cin zalinka a makaranta ko a waya, wa kake gaya wa in abu ya dame ka. Yarinyata ta dawo tana ce min "Umma wallahi a wannan tambayar ta ƙarshe na daɗe ban san wa zan zaɓa ba", ni kuwa jikina ya yi sanyi don na ɗauka ba sai an yi tunani ba ni ce. Ko don wannan maganar kaɗai sa hannun bai faɗi ƙasa banza ba.

Kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. An yi wani babban bincike mai suna Jeeluna tsakanin 2011 da 2012 wanda Dakta Fadia AlBuhairan ta jagoranta, ɗalibai sama da 12,000 a duk faɗin Saudiyya, aka samu wajen kashi 30 cikin ɗari nauyinsu ya wuce ƙa'ida, kusan ɗaya cikin huɗu an ci zalinsu a makaranta, sama da kashi 95 cikin ɗari kuma ba su da isasshen bitamin D, a ƙasar da rana ke ƙona mutum, don yaranmu daga AC sai mota sai AC. A 2017 aka sa harajin kashi 100 a kan taba da lemon ƙara kuzari, kashi 50 a kan lemon gas, a shekarar ne ma aka yarda 'yan mata su fara darasin motsa jiki a makarantun gwamnati. Amma ku je bakala, wato kantin da ke kusa da kowace makarantar maza, bayan an tashi ku ga abin da ke hannun yara, tsadar ba ta hana su ba sai dai su haɗa kuɗi su saya tare.

Yanzu inda suka ba ni haushi. A makarantar 'yan mata an fitar da malamai waje, an ware kujeru, kowace ta amsa abinta. A ta maza kuwa ɗana ya ce ustaz ɗinsu yana nan yana zagaye a bayansu hannu a baya, yara kuma a manne da juna kowa na leƙen na kowa, da aka zo tambayar shisha duk layinsu suka danna ba su taɓa ba suna ƙunshe dariya, har da waɗanda kowa ya san inda suke zama da daddare. To don Allah me aka auna kenan? Wane yaro ne zai rubuta yana shan taba malami na tsaye a kansa, ai ko ni ce ba zan rubuta ba. Wannan laifin masu aikin ne, su ya kamata su ce malam ɗan ba mu waje.

Sai kuma takardar iyaye da Larabcin boko mai nauyi kawai aka yi ta, yaran kam nan aka haife su ba matsala, amma wata Hajiya maƙwabciyata da ke riƙon jikokinta sai da na karanta mata. A tambayar wa kake zaune da shi ma babu kaka babu goggo, uba da uwa ne kawai sai wajen da aka rubuta "wani", alhali gidaje da yawa a unguwannin Misfala da Shari'a Mansur haka ake riƙon yara. Jerin abincin kuwa kabsa da shawarma da burostad wato soyayyar kaza, babu tuwo babu kunu, yarinyata ta rasa inda za ta sa kunun gyaɗar da take sha kusan kullum.

Sakamakon da ya zo gida na awo ne kawai, na yarinyata an ce ta ga likitan ido, na kama mata mau'idi wato ranar ganin likita a Sehhaty, manhajar asibiti ta waya. Jini kam ba su ɗauka ba, don haka mai son sanin bitamin D sai ta je asibiti da kanta. Na tambayoyin sun ce a dunƙule za su ba makaranta, har yanzu shiru.

Taurari uku na ba su cikin biyar. Ku sa hannu, amma kafin ranar ku kira makarantar ku tambaya ko malamai za su fita daga ajin, in an ce a'a to ku haɗu ku iyaye ku nemi a fitar da su.