Hattara jama'ar Bauchi: masu sayar da "dutsen rana" sun shigo gari

Assalamu alaikum. Raina a ɓace nake wannan rubutu, domin a gidanmu abin ya faru. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon cajin waya a wajejen kasuwar Wunti, an raba shi da naira dubu 900, kuɗin da ya daɗe yana tarawa na lefe.

Wani dattijo ne ya riƙa kawo masa caji har suka saba. Ran nan sai ya kwance wani ƙulli, ga 'yan duwatsu farare sol kamar ƙanƙara. Ya ce, "Yarona, fito waje ka ga ikon Allah." Suna fita rana, nan take duwatsun suka rine, suka koma shunayya. Wai a wurin masu haƙar kuza a Toro ya samo, shi bai san kansu ba. Har da cewa suna nuna sammu.

Bayan kwana biyu sai ga kiran wani "Alhaji" daga Jos, wai dillalin Turawa ne, zai saya ninki biyar. Ya turo dubu 50 kafin alƙalami. Wannan dubu hamsin ɗin ita ta kashe wa yaron jiki, ya kwashe ajiyarsa ya saye ƙullin gaba ɗaya. Daga ranar layukan biyu a kashe suke.

Abin da ya sa damfarar ke kama mutane shi ne akwai gaskiya a gindinta. Lallai akwai ma'adini mai sauya launi, sunansa hakmanait, dangin sodalait ne, an raɗa masa sunan wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Finlan, Victor Hackman. Ana haƙo shi a Badakshan ta Afganistan, da Mogok ta Miyanma, da Kanada da Girinlan. 'Yar farar wutar da ke jikinsa ce ke sa hasken UV, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya rina shi. To amma ko na gaske ne, bai kama ƙafar daimon a daraja ba, balle a ce yana gane sammu.

Na ƙaninmu kuwa roba ce zalla, an cakuɗa ta da irin sinadarin gilashin idon nan da ke yin duhu in an shiga rana. Da hannuna na ɗora allura a wuta na caka wa ɗaya, ta shige sumul, ƙaurin leda ya cika ɗakin. Hajiyarmu tana zaune tana kallo, ba ta ce uffan ba, hawaye kawai. Wallahi wannan ya fi kuɗin yi mini ciwo.

In an kawo muku, kada ku tsaya ga gwajin mai kaya. Ku ɗaga ku ji nauyi: dutse yana da nauyi da sanyi a tafin hannu, roba sakayau take. Bayan ya rine, ku jefa shi aljihu na ɗan lokaci. Na gaske yana riƙe launinsa a cikin duhu, haske ne ke koɗar da shi sannu a hankali, na jabu kuwa mintoci kaɗan ya koma fari. Ku ari fitilar duba jabun kuɗi wurin mai POS ku haska a duhu, yawanci hakmanait yakan yi walƙiya ruwan lemo. Mafi inganci dai a kai wa malaman sashen nazarin duwatsu na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) su duba kafin a fitar da ko sisi. Mai kayan da ya ce "sirri ne, kar kowa ya ji", ku tashi ku ba shi wuri.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, da lambobin wayar da asusun da aka turo kafin alƙalamin. Duk wanda aka yi wa irin wannan, don Allah kada kunya ta hana shi zuwa. Ƙullin yana nan a hannuna ga mai son gani da idonsa. Auren kuma an ɗaga shi sai bayan babbar sallah.