Sanarwar korona ta NCDC: yadda ta amfane ni a Argungu, da inda ta tsaya

Ina da ɗan kantin magani a Argungu, irin wanda jama'a ke kira kemis, kuma daga watan Maris na 2020 zuwa farkon 2022 da wuya a sami daren da ban duba sanarwar da Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, wato NCDC, take fitarwa kan cutar korona ba. Abin da na gani nakan kwafe shi a shafukan baya na littafin da nake rubuta bashin magani, kwanan wata a gefe guda, adadin Jihar Kebbi a ɗaya gefen. Saboda wannan doguwar ma'amala nake ganin ina da abin faɗa game da wannan hidima, musamman ga mutumin ƙaramin gari da yake son ya san ko cuta tana matsowa kusa da ƙofarsa.

Abin da ya jefa ni cikin wannan aiki shi ne bikin kamun kifi. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas, kuma mako biyu bayan haka garinmu ya cika maƙil da baƙi, domin an dawo da bikin bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, har Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta. A makon ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, ranar 11 ga Maris. Da taro ya watse daga bakin kogin Matan Fada, tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce ko wani baƙo ya bar mana abin da ba mu gani ba, kuma babu inda zan nemi amsa sai wajen NCDC.

Tsarin sanarwar mai sauƙi ne. A wancan lokacin, kowane dare, galibi bayan ƙarfe goma sha ɗaya, hukumar takan saka wani hoto a Twitter da Facebook mai ɗauke da adadin sababbin waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu, da jerin jihohin da suka fito, sannan jimillar masu cutar, da waɗanda aka sallama, da waɗanda suka rasu. A shafinta na intanet kuma akwai jadawalin jihohi 36 da Abuja. Ba a biyan ko kwabo, hoton ba ya cin data sosai, kuma ko sabis ya yi rauni yakan buɗe idan mutum ya yi haƙuri. Akwai kuma lambar kiran kyauta, 6232, wadda na rubuta a kwali na liƙa a jikin kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne dagewa. A lokacin da WhatsApp ya cika da saƙonnin murya, wannan yana cewa cutar ba ta kama baƙar fata, wancan yana cewa zafin ranarmu ya isa ya kashe ta, samun wuri guda da yake faɗar lamba kowane dare, da suna da kwanan wata, ba ƙaramin abu ba ne. Da shi na ga yadda cutar ta taso daga Legas da Abuja, ta shiga Kano a watan Afrilu, sannan a ƙarshen watan, ana cikin kwanakin farko na azumi, sunan Kebbi da na Zamfara suka bayyana a jerin. Washegari na ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar kanti, na kuma daina barin mutane fiye da biyu su tsaya a ciki lokaci guda. Da ban ga sunan jiharmu da idona ba, da na ci gaba da ɗaukar abin a matsayin labarin mutanen kudu.

Sai dai a nan ne amfanin sanarwar ya fara raguwa ga irina. Akwai wani dattijo tela da shagonsa yake jingine da nawa, wanda kowace safiya bayan mun gaisa yakan leƙo ya ce, "Ɗana, mi suka ce jiya?" Nakan buɗe littafin in ɗora yatsa a kan layin in ce, "Baba, Kebbi mutum kaza." Sai ya gyara tabarau ya ce, "To, a Birni ne ko a nan?" Wannan tambaya ba ni da amsarta, kuma ita ce tambayar da ta dace. Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, kuma tafiya daga Argungu zuwa Zuru ko Yawuri ta fi tafiya zuwa Sakkwato nisa nesa ba kusa ba. Idan an ce an sami mutum biyar a Kebbi, mai yiwuwa dukkansu ma'aikata ne a Birnin Kebbi, mai yiwuwa kuma ɗaya daga cikinsu da shi muka yi sahu a masallaci. Sanarwar dare jiha take ƙirgawa, ni kuwa gari nake zaune.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa aka tsaya a matakin jiha, kuma dole in yi adalci, akwai hujja mai ƙarfi. A gari irin namu, inda kowa ya san wanda motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidansa, cewa "mutum ɗaya a unguwa kaza" daidai yake da kiran sunansa a kasuwa, kuma a watannin farko tsangwamar da ake yi wa wanda aka killace ta fi cutar kanta tsoratar da mutane. Duk da haka, tsakanin jiha da unguwa akwai ƙaramar hukuma, kuma da a ce kowane mako ana manna jimillar kowace ƙaramar hukuma a allon sakatariya da na babban asibiti, da babu asirin wanda zai tonu, mu kuwa da mun san inda muka dosa. Bayanan suna nan, domin kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka wanda aikinsa ke nan ya tattara rahoto ya aika sama. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da rahoton zai dawo ƙasa wajen waɗanda aka ƙirga.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma sai da na yi watanni ina kwafe lambobi kafin na gane ta. Abin da ake sanarwa adadin waɗanda aka gwada aka samu ne, ba adadin waɗanda suka kamu ba. A farkon annobar ɗakunan gwajin da ke iya gano cutar 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, sai an ɗauki samfuri an yi tafiya da shi, sannan a jira sakamako. Shi ya sa a littafina za ka ga kwanaki a jere babu sunan Kebbi, sai kwatsam wata rana lamba ta fito da ɗan yawa, wanda ba yana nufin duk a ranar suka kamu ba, sakamakon da ya taru ne aka sake shi lokaci guda. Jihar Kogi ta isa misali, domin adadinta ya tsaya a kan mutum 5 yayin da na Legas ya haura 100,000, kuma babu mai hankalin da zai ce cutar ce take tsallake Lokoja.

A hunturun ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, lokacin da cutar ta sake tasowa karo na biyu, na ga wannan giɓi a gaban kantata. Mura da tari da ciwon jiki abu ne da muka saba da shi a hunturu, amma a wannan karon sai na riƙa jin wani koke da ban saba ji ba. Wata baiwar Allah da ta zo sayen maganin zazzaɓi ta ce mini, "Malam, kwana huɗu ke nan ko daddawa na sa a hanci ba na jin komai, miya kuma kamar ruwa." Na ba ta shawarar ta je asibiti a gwada ta, ta ce za ta gani, kuma daga yadda ta ja mayafinta ta fita na san ba za ta je ba. Irinta ba su shiga kowane jadawali ba. Daga lokacin na ƙara layi na uku a littafin, inda nake yin ɗan zane duk lokacin da wani ya ce ya daina jin ƙamshi ko ɗanɗano, ba tare da rubuta sunan kowa ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan zanen yakan hau ya sauka kusan tare da jimillar ƙasa baki ɗaya, ko da lambar Kebbi ba ta motsa ba.

Wannan ya koya mini yadda ya kamata mutumin ƙaramin gari ya karanta sanarwar. Lambar rana ɗaya ba ta da wani amfani, sai an haɗa ta kwana bakwai an gwada da ta makon da ya wuce. Haka kuma jihohin da mutanenmu suke zirga-zirga da su sun fi muhimmanci a kan layin Kebbi kaɗai, domin masu kai shinkafa da albasa da busasshen kifi suna zuwa Legas da Kano da Abuja, kuma tun da aka ɗage dokar hana tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli 2020, abin da ya tashi a can ba ya daɗewa sai an ji ƙurarsa a nan. Idan lambobin waɗannan wurare suka fara hawa, nakan ƙaro takunkumi da sabulu, in kuma ja kunnen masu hawan jini da ciwon suga su rage shiga cunkoso.

Batun harshe ma ba abin rainawa ba ne. Hoton dare da Turanci yake fitowa, kuma a lokacin da mafi yawan mutanen gari sun yi barci, saboda haka abin da ya kai shi kunnen jama'a shi ne sassan Hausa na BBC da DW da RFI da Muryar Amurka, waɗanda kan karanta adadin da safe. Baba tela da rediyonsa yakan riga ni sani a wasu ranakun, sai dai rediyo jimillar ƙasa ta fi kawowa, ba kullum ake kiran ƙananan jihohi ba. Ga shi kuwa muna da tsarin da aka gina tun zamanin yaƙi da shan inna, na hakimai da dagatai da masu unguwa da ungozomai, wanda ya iya kai saƙon rigakafi har cikin ɗakin mace mai jego, kuma shi ne ya fi dacewa ya ɗauki lambar mako ya kai ta zaure da Hausa.

Shin zan ba wani shawarar ya dogara da wannan hidima idan wata annoba ta sake zuwa? Zan ba shi, domin a kan abin da ta ƙirga ban taɓa samun dalilin ƙin yarda da ita ba, kuma rahotannin hukumar ba korona kaɗai suka shafa ba. A daminar 2021, lokacin da amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan ya kuma kashe fiye da 3,000, Kebbi da Zamfara da Sakkwato suna cikin jihohin da abin ya taɓa, kuma rahoton NCDC na kwalara ne ya sa na cika kanta da gishirin haɗa ruwan ORS tun kafin a fara sallama a ƙofata da tsakar dare. Amma zan gaya masa ya sayi littafinsa na kansa, ya kuma san jami'in sa ido na ƙaramar hukumarsa da ma'aikatan asibitin da ke kusa da shi, ya riƙa tambayarsu abin da suke gani a wannan makon. Nawa littafin yanzu layi huɗu gare shi, kuma na huɗun, wanda nake cikawa daga watan Fabrairu zuwa saukar ruwan farko, na masu zazzaɓi da sanƙarewar wuya ne.