Digirin kwamfuta a NOUN daga Bauchi ko Gombe: abin da yake bayarwa da abin da ya bar wa ɗalibi

Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, ita ce ƙofar da ma'aikata, 'yan kasuwa da matan aure da dama a Bauchi da Gombe suke fara ƙwanƙwasawa idan suna son digirin kimiyyar kwamfuta ba tare da sun bar sana'a ko ɗakinsu ba. Ta gwamnatin tarayya ce. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a mulkin Obasanjo. Hedikwatarta tana Jabi a Abuja, tana kuma da cibiyar karatu a garin Bauchi da garin Gombe. A ganinmu, ga mai neman takardar digiri ta gaske da kuɗi daidai aljihu, zaɓi ne mai kyau. Ga wanda burinsa shi ne ya zauna a ɗakinsa a Yelwa ko Tumfure yana yi wa kamfanin nesa aiki, digirin rabin tafiya ne, sauran rabin kuma shi zai yi da kansa tun daga zangon farko.

Shiga ba ta da wahala. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, kuma mai son kwamfuta ya tabbata yana da fizis. Ana cike fom a intanet, a biya ta Remita, sannan a kai takardun asali cibiya a tantance. Mai takardar sakandare yana farawa daga aji ɗaya, shekara huɗu ke nan idan bai tsaya ba. Mai difloma ko NCE a fannin da ya dace yana iya farawa daga aji biyu. Abin da ke ba mutane wahala a nan shi ne suna. Wani a WAEC Muhammad ne, a NIN Mohammed, a banki kuma an sa sunan kaka a gaba. A daidaita wannan kafin a cike fom, domin sunan da ya shiga rajista shi zai fito a takardar digiri, kuma shi kamfanin da zai biya ka zai gwada da na asusunka.

Tsarin kuɗin yana da daɗi ga mai albashi. Ana zuba kuɗi a asusun ɗalibi da ke shafin jami'ar, daga nan a riƙa cire kuɗin rajistar zango, da na kowane kwas, da na jarrabawar kowane kwas. Mutum yana iya ɗaukar kwasa-kwasai daidai ƙarfinsa. Sai dai a lura, rajistar kwas daban, rajistar jarrabawa daban. Sabon ɗalibi yakan yi ta farko ya ɗauka ya gama, sai ranar jarrabawa ya tarar babu sunansa. Da an gama kowace rajista a buga takardar shaida a adana.

Maki kashi biyu ne. Akwai aikin gwaji da ake kira TMA, guda uku a kowane kwas, maki goma-goma, jimla 30. Jarrabawa tana ɗauke da 70. 'Yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta suke yin jarrabawa, daga aji uku kuma sai biro da takarda. Wannan canjin shi ne inda ake gane wanda ya yi karatu. A kusa da kowace cibiya ba a rasa masu shagon intanet da za su ce kawo kuɗi a yi maka TMA, ko a sayar maka da amsoshi. Wanda ya bi wannan hanya zai haye aji biyu da maki masu kyau, ya zo aji uku a ce ya rubuta tsarin lissafin da zai jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, ya rasa ta inda zai fara. TMA ita ce kaɗai abin da ke tilasta wa ɗalibin nesa buɗe littafi a tsakiyar zango, don haka biyan wani ya yi maka ita asara ce biyu. A kuma yi ta da zarar an buɗe, kada a jira ranar rufewa lokacin da kowa ya yi caa a kan shafin.

Littattafan kwas suna nan kyauta a shafin jami'ar, ana saukewa a waya ko kwamfuta, kuma an rubuta su yadda mutum zai karanta shi kaɗai, babi-babi da tambayoyin gwaji. Wajen tushe suna da ƙarfi: lissafin kwamfuta, tsarin adana bayanai, yadda na'urori ke magana da juna, yadda manhajar da ke tafiyar da kwamfuta take aiki. Waɗannan ba sa tsufa. Abin da littafi ba zai iya ba shi ne ya zauna kusa da kai lokacin da ka rubuta layi arba'in na Python, yaren rubuta manhaja, ka danna, allo ya cika da jan rubutu saboda tazara ɗaya da ta zarce a layi na goma sha biyu. A jami'ar zama kamar ATBU ko Jami'ar Jihar Gombe akwai abokin da zai leƙo ya nuna maka. A nan sai ka haɗa wa kanka abokan. Mutum huɗu ko biyar 'yan aji ɗaya su riƙa haɗuwa ranar Asabar da kwamfutocinsu, kowa ya nuna abin da ya rubuta a makon. Zauren WhatsApp na 'yan aji yana da amfani wajen sanarwa, amma ba ya maye gurbin wannan zaman.

Shi ya sa muke cewa a raba lokaci gida biyu. Idan awa goma sha biyu mutum yake da su a mako, shida ga littafin jami'a, shida ga aikin hannu. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne a intanet, haka freeCodeCamp. A buɗe asusun GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, tun aji ɗaya, duk abin da aka gina a ɗora shi can. Kuma a gina abin da wani zai yi amfani da shi da gaske: manhajar fitar da sakamakon jarrabawa ga Islamiyyar unguwa, ko ta lissafin kaya ga mai kemis da ke son sanin maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Horon sanin makamar aiki na SIWES da aikin binciken ƙarshe su ma kada a bar su su tafi a banza. A zaɓi inda za a taɓa aiki da hannu, ba inda za a sa hannu a littafi a dawo gida ba. Mai ɗaukar ma'aikaci daga nesa bai ga fuskarka ba, abin da ka gina shi yake dubawa kafin ya tambayi takarda.

Kayan aiki su ne kuɗin da ba a faɗa a fom, kuma sukan haura kuɗin makarantar. Waya ba ta isa wannan karatu. Ana buƙatar kwamfutar cinya mai Core i5, ƙarni na takwas ko sama, RAM gigabayit 8 aƙalla, 16 in da hali, da ma'ajiya irin SSD mai gigabayit 256. Ta hannu tana yin aiki, amma araha ba ta ado: a cire caja a gaban mai shago a ga yadda batir yake sauka, a gwada kowane maɓalli, a duba kamara da makirfo, a kuma sake kunna ta a tabbatar ba ta neman kalmar sirrin wani kamfani.

Sai wuta. Kwamfutar cinya tana cin kimanin wat 60, na'urar intanet wat 10, fankar sola wat 25. A awa takwas wannan ya kusa wat-awa 800. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma in na ruwa ne rabinsa kawai ake ci, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan ko a sayi biyu, ko a sayi na litiyam guda. Farantin sola mai wat 300 yana cika wannan a rana mai haske. Da hunturu ƙura takan rufe farantin ta rage masa ƙarfi, sai an riƙa gogewa. A Maris da Afrilu kuma zafi kan sa kwamfuta ta rage gudu da kanta, musamman in an ɗora ta kan katifa ta toshe mata iska. Layin intanet ya zama biyu daga kamfani biyu daban, a gwada su a cikin ɗakin da za a zauna, ba a tsakar gida ba. Kiran bidiyo yakan ci kusan gigabayit ɗaya a awa.

Batun aiki daga gida yana buƙatar a faɗi gaskiya. Sabon ɗan digiri ba ya faɗawa kan albashin dala a watan farko. Aikin farko yawanci na kusa ne: shafin intanet na wata makaranta, ko gyara bayanan da ƙungiyoyin agaji na arewa maso gabas suke tattarawa da KoboToolbox su zuba a Excel ko Power BI. Akwai kuma aikin fassara da tantance rubutun Hausa ga kamfanonin fasaha, inda ɗan Bauchi ya fi ɗan Legas dama. Daga nan ake tara shaidar da za a shiga Upwork da ita, wato shafin neman aikin nesa. Rubutun Turanci mai tsabta yana da nauyi sosai, domin yawancin aikin nesa a rubuce ake yin sa, saboda haka kwasa-kwasan GST na Turanci ba na wucewa ba ne kawai. A yi lissafin agogo ma. Landan daidai take da mu ko baya da awa ɗaya. New York tana baya da awa biyar ko shida, ƙarfe tara na safiyarsu ƙarfe biyu ko uku ne na ranarmu, ke nan aikin zai ratsa La'asar, Magariba da Isha'i. A faɗa wa mai aikin lokutan salla tun ranar farko. Matar aure kuma ta zauna da maigida su tsara girkin dare da hidimar yara kafin ta karɓa.

Duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin rajista kafin a ɗauke ka, damfara ce. Hayar asusun wani ko ɓoye ƙasar da kake da VPN kan ƙare da rufe asusun, kuɗinka na ciki. Ka buɗe naka da sunanka, ka haɗa shi da Payoneer, hanyar karɓar kuɗi daga waje, ko asusun dala na banki.

Wanda yake da ƙarin kuɗi yana iya duba Miva, jami'ar nesa mai zaman kanta da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ba lasisi a 2023, tana da kwasa-kwasan gina manhaja da tsaron intanet, amma ta fi NOUN tsada. Duk wadda za a zaɓa, a shiga shafin NUC a ga sunan jami'ar da sunan kwas ɗin kansa cikin waɗanda aka amince da su. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, don haka dillalin da ya zo da tayin digirin Kwatano cikin 'yan watanni, a sallame shi tun daga zaure.