Shagon kayan miya na Agege: daddawar ta yi, lissafin kuɗin matan ne da saura

Matan unguwarmu da ke ta tambayata ko kayan shagon nan na Hajiya sun ci kuɗinsu, ga amsata gaba ɗaya. Shagon yana Agege a Ikko, can ciki idan an wuce gadar Pen Cinema, ɗan tsukuku ne, mutum uku suka shiga ya cika. Daddawa take sayarwa, da kuka, busasshiyar kuɓewa, tsamiya, zoɓo, yajin ƙuli, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa da man kaɗanya. Duk akwai su a Mile 12 da Idi-Araba. Abin da Hajiya take tinƙaho da shi shi ne ba ta bi ta hannun 'yan sari na Dawanau. Kai-tsaye take karɓa daga matan da suka yi aikin a ƙauyukan Jigawa da Neja, kuma a cewarta kuɗin kowace mace a hannunta yake sauka. In faɗa tun yanzu, ƙanwar mahaifiyata da ke wajen Ringim tana cikin masu ba ta man gyaɗa, don haka ina jin labarin ta ɓangare biyu.

Daddawar ce ta fi komai. Ta kalwa ce zalla, ba a sirka ta da waken suya ba. Ki ɓalla ki duba cikinta, baƙa ce wuluk mai maiƙo, kuma ƙamshinta ba ya gudu don miya ta tafasa. Iru na Yarabawa yana da daɗinsa a miyar ganye, amma danshinsa da ƙamshinsa daban ne, miyar kuka ba ta karɓarsa yadda take karɓar tamu. Ƙwaya ɗaya ta wannan tana yi min aikin biyu na wadda nake saye a bakin titi. Ta fi tsada, babu musu. Sai dai wanda ya san aikin ba zai yi ta ciniki ba. A kaɗo ɗorawa, a raba gari da kalwa, a ɗora tukunya ta wuni ta kwana tana cin itace, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe kwana biyu ko uku har ta nuna, sannan a kirɓa a faɗaɗa a shanya. Duk mata ne ke wannan, kuma a kasuwar ƙauye abin da ke zuwa hannunsu wani lokaci da ƙyar yake mayar da kuɗin itace.

Man gyaɗar ma sai san barka, da kin buɗe murfi kin san an soya gyaɗar yadda ya kamata. Matsalar a robar take. Murfinta ba ya kamawa, in kika sa a jaka kika hau motar danfo sai kin wanke jakar. Babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, babu ranar da aka matse. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kayan gyaɗa, domin gyaɗar da ta sha danshi ta yi funfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, suya kuma ba ta kawar da ita. Hajiya ta ce matan suna tsince ruɓaɓɓu da hannu kafin a kai inji. Na yarda, haka na ga ana yi a gidanmu, amma mai saye a Ikko ba shi da abin riƙewa sai bakinta. Kuka kore shar, tankaɗaɗɗiya. Kuɓewa kuwa akwai ƙasa, da alama a dandariyar ƙasa aka shanya ta.

Yanzu maganar da ta kai ni shagon. Duk wadda ta tashi a ƙauyen Hausa ta san yadda sana'ar cikin gida take tafiya. Uwa tana kulle, ta matse mai, ta mulmula tunkuza ta soya ƙuli, amma ba ita ke fita da shi ba. Yarinya ce ke ɗaukar faranti. Ribar ta tafi adashe, adashen ya tafi kayan ɗakin yarinyar, makaranta kuma ta sha kashi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, amma dokar ba ta ce ga wanda zai sayar wa uwar ƙulinta ba. Idan mai saye ya zo har ƙofar gida ya kwashe jarka-jarka, farantin ya rasa aikin yi. A nan nake ganin amfanin shagon na gaske. Hajiya ta gindaya sharaɗi cewa duk mai ba ta kaya kada ta ɗora wa 'yarta talla lokacin makaranta, kuma uwar adashen kowane ƙauye ce ke sa ido. Innata ta tabbatar min jikokinta biyu mata sun koma aji tun da aka fara karɓar manta.

Amma da na tambaye ta kuɗin fa, dariya ta yi. Ta ce, “Yana zuwa, 'yar nan, sai dai wayar Malam ce ke yin ƙara.”

Ashe asusun da ake tura wa kuɗin na mijinta ne. Ita ba ta da waya, ba ta da lambar NIN ko BVN, ga shi tun Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da ɗaya daga cikinsu. Yin rajistar kuma sai an je gari, da kuɗin mota da neman izini. Ba ita kaɗai ba ce. Binciken ƙungiyar EFInA mai nazarin harkokin kuɗi na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin hanyar ajiya ko tura kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 47 ne. To Malam ne zai je wurin mai POS ranar kasuwa, mai POS ya cire nasa, abin da ya rage ya zo gida. Mijin Inna mutum ne mai amana, ban zarge shi ba. Amma macen da ba ta ga adadin da ya shigo ba, da me za ta yi lissafin ribarta? Addini ya riga ya yanke cewa dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ita sai abin da ta ba shi da daɗin rai.

Na tunkari Hajiya da wannan, ba ta yi fushi ba. Ta ce, “Malama, in na ce sai mai asusu, rabinsu zan kora.” Dabarar da ta ɓullo da ita ita ce ta kira uwar adashe ta faɗi adadin kowace mace a gaban sauran, kuma ta fara saya wa wasu ƙaramar waya ana cirewa a hankali daga kuɗin kaya. Dabara ce mai kyau. Amma har sai abin ya game, ya kamata ta rage cika baki a tallarta.

Abu na biyu da bai kwanta min ba, rabin kuɗi take biya in an ɗauki kaya, sauran sai ta sayar. Ɗan sari yana karya farashi, amma a take yake ƙirgo kuɗi. Mutanen ƙauye ba su manta wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba, lokacin da kuɗi ke cikin waya, tukunya kuma babu komai. Mace mai jarin kwano goma na gyaɗa ba za ta iya jiran ciniki ya buɗe a Agege ba. Sannan hotunan matan da take sawa a WhatsApp suna surfe, wasu ko mayafi babu, ina shakkar an nemi yardarsu.

Man kaɗanyar daga Neja yake zuwa, ɗanye ne mai warin hayaƙi, maigidana ba ya son warin, amma kaushi ba ya yi masa gardama. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya waje na wata shida, farashinta ya faɗi a hannun matan da ke sammakon tsinta da damina. Waɗanda suka iya sarrafa ta zuwa mai su ne suka ɗan tsira, kuma man Hajiya take saye, ba ƙwara ba. Nan ta kyauta.

In za ki je, tafi da jarkarki mai murfi, ki tambayi yaushe man ya iso. Ana aikawa da ɗan babur, amma in kina Alaba Rago ko Obalende kuɗin aiken zai iya kamo kuɗin kayan, gara ku haɗu ku huɗu ko biyar ku saya tare. Ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci take buɗewa. Daddawa da kuka da mai a wurinta zan ci gaba da saye. Kuɓewa kuwa, har sai an samo tabarmar shanya, ina nan wurin mutumina na Mile 12.