Lauyoyin da ke riƙe da takardun maigidana: bakwai cikin goma

Shekara ashirin da ɗaya ina koyarwa a firamare a nan Katsina, don haka ba na iya duba aikin mutum ban ba shi maki ba. Matan unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura da mazajensu ke waje sun dame ni da tambaya a kan ofishin lauyoyin da ke bin maganar maigida a Amurka, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ofishi ne na wata ƙungiyar agaji a birnin New York. Ba zan kama sunansu ba, domin akwai inda zan taɓa su.

Maigida ya tafi a 2016 da bizar ziyara, wa'adi ya cika bai dawo ba, ya shiga aikin kai wa mutane abinci a kan keke a unguwar Bronx. A ƙarshen 2019 wasu samari biyu suka tare shi da daddare, ɗaya ya maka masa ƙarfe, muƙamuƙi ya karye, suka tafi da keken. Mutanenmu na can duk shawara ɗaya suka ba shi: ka yi shiru, marar takarda ba ya zuwa wurin 'yan sanda. Shi kuwa Bakatsine ne mai taurin kai. Ya ba da bayani tun yana gadon asibiti, ya nuna mutum a cikin hotuna, duk ranar da mai gabatar da ƙara ya kira shi ya je. Wata ma'aikaciyar asibitin ce ta ba shi lambar wannan ofishi.

A bakinsu muka fara jin biza mai harafin U. Majalisar Amurka ce ta kafa ta a shekarar 2000, saboda baƙin da aka yi wa babban laifi su daina tsoron taimakon hukuma. Ba kowane laifi ba ne. Lauyar, wata mace mai magana a hankali, ta ce ƙwacen keken shi kaɗai ba ya cikin jerin, amma mummunan duka irin wanda ya karya ƙashi yana ciki, tare da fyaɗe, garkuwa da mutum, safarar mutane, dukan mata a gidan aure da sauransu. Ta ce ginshiƙin abin duka wata takarda ce da suke kira Supplement B, wadda 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara ko alƙali zai sa wa hannu cewa mutumin ya taimaka. Babu ita, babu magana. Kuma daga ranar da aka sa hannu wata shida kawai gare ka ka shigar da fom I-918 a hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, in ba haka ba ta mutu a koma neman wata.

A nan suka ci makinsu. Sun bi takardar nan kamar mai bin bashi har ta fito, sun shigar da komai a 2020 da sauran wata biyu a hannu. Sisi ba su karɓa ba, kuma suka nuna masa cewa shi fom ɗin kansa kyauta ne. Na kwatanta wannan da wani mai shagon kwamfuta a nan garin, wanda da ya ji labarinmu ya ce shi ma yana yin “biza U” a kan naira miliyan ɗaya da rabi, wai zai haɗo rahoton 'yan sanda daga nan gida. Da na faɗa wa lauyar sai da ta ajiye biro. Ta ce laifin dole a Amurka ya faru ko ya karya dokarta, kuma ƙarya ɗaya a takardun shige da fice tana iya rufe wa mutum ƙofa har abada. Allah ya so ni ban ba shi ko kuɗin fom ba.

Abu na biyu da na yaba, ba su yi mana romon baka ba. Ranar farko lauyar ta ce biza guda 10,000 kacal doka ta yarda a bayar a shekara, ban da iyali, kuma masu jira sun ninka haka sau da yawa, mu sa a ranmu shekaru ne ba watanni ba. Na ji haushinta a lokacin. Yanzu na gane ta fi mai shagon kwamfuta ƙaunata. A 2021 hukumar ta fito da tsarin duba takardu da wuri, wanda in an ga ba na bogi ba ne sai a ba mutum izinin aiki na shekara huɗu kuma a jingine maganar korarsa. Nasa ya fito a 2024. Ranar ya kira ni yana ɗaga katin a bidiyo, hannunsa na rawa. Bizar kanta har yau muna layi. In ta fito shekara huɗu ce, bayan uku zai iya neman girin kad, wato takardar zama na dindindin.

Sun kuma hana shi tahowa lokacin da Hajiya mahaifiyarsa ta rasu a 2022, domin wanda ya wuce shekara ba takarda, in ya fita, haramcin shekara goma na hawa kansa. A waya ya karɓi gaisuwa.

To ga inda jan biro ya shiga.

Tafinta. Wani bawan Allah suka samo, Bahaushen Kumasi, mutumin kirki, amma Hausar Gana ba ta raba mace da namiji, kowa “ya” ne. Da yake karanta wa maigida bayaninsa kafin ya sa hannu, ya zo wurin matar da ta leƙo ta taga ta kira 'yan sanda, sai ya ce “shi ne ya kira folis”. Maigida ya miƙe, ya ce wa ya faɗa muku ɓarawon ne ya kira 'yan sanda? Sai da aka ci rabin awa kafin a gane a Turancin daidai aka rubuta. Shi ma tafintan yana fama da tamu, mu masu cewa “tahi” da “hwaɗa”. Abin dariya ne a baki, amma takarda ce ta rantsuwa.

Sai mu na gida, waɗanda ofishin ke gani kamar rataye. Sun sa mu a fom ɗin iyali, ni da yara uku. Sun ce in turo shaidar aure cikin sati biyu, alhali aurenmu a zauren gidanmu aka ɗaura, goro da alawa ne shaidarsa. Babu wanda ya san ya za a yi a Najeriya. Ƙanena ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin kotun shari'a da ofishin hukumar ƙidaya har muka haɗa ta aure da ta haihuwa. Kiransu kuma ƙarfe huɗu na yammarsu, wato tara ko goma na darenmu, ga ba wuta, ga netwok na yankewa. Yaron da muke riƙo, ɗan marigayi wan maigida, wanda a hannuna ya yi rarrafe, sun ce a dokarsu ba ɗanmu ba ne tunda ba kotu ce ta ba mu shi ba. Wannan ba laifinsu ba ne, amma a saƙon layi biyu suka faɗa mana.

Babban abin da ya cinye maki uku shi ne maganar 'yar fari. Shekararta 17 aka shigar da takardu. Lauyar ta kwantar mana da hankali cewa doka ta tsayar da shekarunta a ranar da aka shigar, ko ta wuce 21 tana nan a matsayin yarinya. Gaskiya ta faɗa, sai dai rabi. Bara, cikin hira, maigida ya ce mata a taya mu murna, an kawo kuɗin gaisuwar yarinyar. Nan take ta ce a dakata: in aka ɗaura aure ta fita daga takardun, domin sai marar aure ake lissafawa a ɗa, har ranar da za ta shiga ƙasar. Shekara huɗu suna riƙe da fayil mai ɗauke da budurwa 'yar Katsina, ba wanda ya yi tunanin faɗin wannan. Wataƙila a wurinsu mai shekara 21 ba ta isa maganar aure ba. Da mun ji tun farko, da mun san yadda za mu yi da manema tun kafin manya su shiga.

Duk da haka, wadda mijinta ko ɗanta ya gamu da irin wannan, ta ce masa ya nemi lauya na gaske ko irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma ranar farko ya zauna ya lissafa musu kowa na gidan, da shekarunsa, da wanda ake nema da aure, ya tambayi tafinta Hausar ina yake ji.

Yarinyar dai ta cika 22. Na tambaye ta abin da take so, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi, ta ce duk abin da Baba ya ce. Baban ya ce duk abin da na gani. Kawunnan yaron da ke nemanta kuma sun aiko cewa bayan babbar Sallah za su zo a sa rana.